Tukunyar tuwo da lakwal ɗin Rabi

Assalamu alaikum. Na daɗe shiru. Maigida lafiya, yara lafiya, surukata ƙafa ke damunta. Ni ce na kwanta. Da hagu nake danna wannan, ku yi haƙuri.

Ina kaɗa miya ludayi ya suɓuce mini. Na duƙa in ɗauka, yatsu suka ƙi. Ɗiyata Rabi ta ce, "Inna, bakinki ya karkace."

A Dakoro aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka ce mu wuce Maraɗi. Hoton kai, ƙarin ruwa, allurai. Awakina suka tafi a magani. Shanyewar ɓarin jiki ce. Likita ya ce, "Ƙafa za ta dawo. Hannun dama sai a hankali, kar ki ajiye shi."

Ƙafa ta dawo, alhamdu lillahi. Hannu yana ɗagawa, ba ya riƙo.

Tun da na kwanta Rabi ta bar lakwal, wato makaranta, ta koma murhu. Ni sai da na haifi huɗu na iya rubuta sunana. Barin karatun nan nata ya fi ciwon ci mini rai.

Maigida ya ce, "Ba mugunta ba ce, Hajara. Wa zai yi tuwo?" Na ce in na yi da kaina fa? Ya ce to ta koma.

Malam Idi maƙeri ya zo ya zauna yana kallon tukunya tana guje mini. Ya ƙera zoben ƙarfe mai ƙafa uku da ke riƙe ta. Baduku ya ɗinka wa muciya madaurin fata, ina zura hannun dama, hagu na tuƙi. Allah ya saka musu.

Tuwon farko duk gudaji. Maigida ya ce, "Yau tuwo da ƙashi?" Ya cinye.

Abu guda ya rage, sauke tukunya mai zafi. Na gwada, ta tuntsure, na ƙone a ƙafa. Maigida ya ga tabon, na san in ban iya saukewa ba Rabi ba za ta koma ba.

Ku riƙa auna tansiyo. Baki ya karkace, kar a tsaya turare, a tafi asibiti.

Don Allah, mai hannu ɗaya da ke girki, ko wanda ya ga yadda ake sauke tukunyar, ya turo mini hoto kafin Litinin. Ranar ake komawa lakwal.

Rabi ta riga ta wanke jakarta.