Ranar da Na Raka Kaka Shagon Sandunan Golf

Har yau in na ji warin gam da na garin katako, kakana nake tunawa. Na fara tasawa ke nan ya zo daga Jos ya zauna da mu a ƙasar waje, a titin Grand Concourse. Kayansa ba yawa, sai wasu sanduna masu kan katako naɗe cikin tsohon zane. Na ɗauka na dogarawa ne. Mama ta ce na wasan golf ne, da hannunsa ya sassaƙa su. Tun yana saurayi yake gyara wa Turawan haƙar kuza sandunansu, har ya iya yin sababbi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne bai taɓa buga wasan ba.

Duk lokacin sanyin nan a gefen hita, na'urar ɗumama ɗaki, ya yi shi, yana goge su da tsumma. Da ƙanƙara ta narke sai ya ce in raka shi Manhattan, ya ji akwai shagon da sandunan kaɗai ake sayarwa. Aiki yake nema. Ni ce tafinta, ni da Hausata ba ta gama nuna ba.

A shagon, sanduna ne reras har bango, duk na ƙarfe, suna sheƙi. Kaka ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa kanta, ya kara a kunne.

"Amaryata, tambaye shi wa ya yi wannan."

Mai shagon, wani dattijo mai furfura, ya faɗi sunan kamfani.

"Ba kamfani ba. Mutumin nake tambaya."

Dattijon ya ce inji ne, a wata ƙasa can. Kaka ya kwance zanen da ya naɗe sandunansa a ciki. Mutumin ya karɓi sanda ɗaya da hannu biyu, ya daɗe yana shafa ta, har ya kira yaransa su gani. Ya ce mahaifinsa ma irinta yake sayarwa, amma an daɗe da daina wasa da su. In Kaka ya yarda, zai rataye ta a bango.

Na fassara yadda na iya.

"A bango? To wa zai buga da ita a can?"

Duk da haka Kaka ya bar masa ita, suka yi musabaha kamar tsofaffin abokai. A jirgin ƙasa, muna komawa, ya juyo ya ce, "Wai ya ɗauke ni aikin ne, ko kuwa?"

"Ban sani ba, Kaka."

Bai sake tambaya ba. Ya koma Jos, a can ya rasu.

Kwanaki na bi ta titin. An rufe shagon, gahawa ake sayarwa a wurin, don yanzu ta waya mutane ke sayen sandunansu. Na shiga na duba bangon, fes yake, babu sandar Kaka. Yarinyar da ke aiki ta tambaye ni me nake nema, na ce mata ba komai, na fito.