Shekara Shida Yana Sha Biyar

Ni da ɗan kawuna wata ɗaya aka haife mu, kwana tara ne tsakani, kuma shi ya riga ni. Amma yau in ka duba takarda, na ba shi shekara shida cur: ni ina ashirin da ɗaya, shi yana sha biyar. Shi ya sa na raɗa masa Sha-biyar, sunan kuwa ya manne masa kamar kaska, har uwarsa in ta shagala haka take kiransa.

Kawu mai aski ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da kujera mai juyi wadda ba ta juyawa sai an taimaka mata da gwiwa, da madubi mai tsagewa a gefe, da fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska. Bai taɓa buga ƙwallo ba. In ka gara masa lemo ma sai ya yi tuntuɓe. Amma wata rana, muna 'yan shekara tara, ɗansa ya doka ƙwallon roba ta tsallake katanga biyu, sai wani mai jiran aski ya ce, "Kai, wannan ƙafar ba ta nan ba ce, ta ƙasar waje ce." Mutumin ya gama askinsa ya tafi, ko sunansa ba mu sani ba. Ya bar mu da jidali.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, Sha-biyar ya iya ƙwallo. Iyawa irin ta unguwa, wadda kowane layi akwai irinsa uku. Kawu dai ɗaya yake gani. Ya cire shi daga makaranta saboda atisayen safe. Ni na bar makaranta ne don ƙwaƙwalwata ta ce ta ƙoshi, shi kuwa da yake ja, ciro shi aka yi kamar haƙori.

Sai ga wani ejan, mai tabarau da jakar hannu, wanda ya ce shi yake kai yara ƙungiyoyin waje. Ya ce can ɗan sha bakwai ma tsoho ne. Tun daga nan, duk sanda ɗan kawu ya doshi sha bakwai a takarda, sai a yi masa ribas a dawo da shi sha biyar. Sau uku ke nan. Takardar haihuwarsa ta gaskiya kuwa, Kawu ya cinna mata ashana a bayan shago, wai kada maƙiya su gani.

To amma gemu ba ya karatu. Bai san me aka rubuta ba, fitowarsa kawai yake. Kullum da safe, kafin a buɗe wa kowa, Sha-biyar ne farkon hawa kujera. Kawu ya ɗaura masa tawul, ya shafa sabulu, ya bi da reza sama, ya dawo ƙasa, ya sake bi, sannan ya zuba hoda har yaron ya koma kamar wanda ya faɗa buhun fulawa. Haɓarsa duk ƙuraje. An hana shi zama da mu, wai kada a gan shi da manya. An ce in baƙi sun zo fili ya riƙa siranta murya. Ku ji fa, mutumin da in ya yi tari kaji ke watsewa!

A ƙungiyar yaran da Kawu ya sa shi, waɗanda yake bugawa da su, wasunsu mun je ganinsu suna cikin zanin goyo. A gaban koci suna ce masa kyaftin, a bayan ido Baba. Su gwiwarsu roba, tasa kuwa in ya durƙusa sai ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Abu ɗaya ya tsinta a shekarun nan. Direban motar ƙungiyar, wani dattijo mai tauna asuwaki, yakan ba shi sitiyari a bayan fili in ana jiran koci. Nan ya koyi giya da kuloci da ribas. In yana tuƙi fuskarsa takan saki, ka ga haƙoransa. A fili ban taɓa ganin haka ba.

Dattijon ne ya kai shi wurin manajan wani gidan burodi da ke neman direban motar rabo. Aka gwada shi, ya shiga lungu da baya ko bango bai shafa ba. Manaja ya ce, "Ka yi. Kawo lasisi ranar Litinin, motar taka ce. In ka wuce Litinin akwai mai jira."

Ya same ni a bakin famfo ina wanke ƙafa.

"Taubashi, ba a ba ɗan sha biyar lasisi."

"To ka jira shekara uku mana, ƙanena. In Kawu bai sake taka birki ba."

"Don Allah bar wasa. Sun ce sai an yi takardar rantsuwar shekaru, kuma uba ne zai rantse."

Ya kai wa Kawu maganar, Kawu ya ce sam. Kwana uku Sha-biyar ya ƙi hawa kujerar aski. Gemu ya samu sake, ya fito da 'yan'uwansa da maƙwabta. A rana ta uku matar Kawu ta tsaya a ƙofar shago, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Malam, ni na haife shi, na san ranar. Sa'anninsa suna ciyar da iyayensu, nawa yana bin yara da gajeren wando. Ka sake shi haka nan." Kawu ya daɗe yana goge reza a tafin hannu. Can ya ce, "To. Juma'a mu je."

Na bi su, don irin wannan kallo ba a ba ka labari. Ofishin rantsuwar dogon benci ne da kanta, da akawu mai tabarau a kan karan hanci. Muna layi wayar Kawu ta yi ƙara. Ya fita, ya dawo yana share goshi. Ban tambaya ba, amma na ga sunan ejan a fuskar wayar.

Layi ya zo kanmu. Akawu ya ja takarda.

"Kai ne mahaifinsa?"

"Ni ne."

"Shekarunsa nawa?"

Kawu ya dubi ɗansa, ya dubi silin. "Wannan in an rubuta, yana shiga na'ura?"

"Yana shiga."

"Kowa zai iya gani? Har na waje?"

"Malam, shekaru na tambaye ka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni sa'ansa ne, ka dube ni ka rubuta."

"Kai ubansa ne?"

Na ja da baya.

Sha-biyar ya ce a hankali, da muryarsa ta gaskiya, "Baba. Ashirin da ɗaya. Faɗa kawai za ka yi."

Leɓen Kawu ya motsa. Wallahi na ga ashirin ɗin ta zo har bakinsa. Akawu ya ce, "Ka sani fa, rantsuwa ce." Kawu ba zai rantse a kan ƙarya ba, wannan na shaide shi. Sai ya gyara hula ya ce, "Bari in koma gida in yi lissafi sosai. Kada in yi kuskure."

"Na gaba!" in ji akawu.

A waje rana ta take. Kawu yana gaba yana sauri, yana magana bai waiwayo ba. "Akwai gwaji wata mai zuwa. Manya ne za su zo, ya ce wannan karon da sunanka a sama. Shekara goma sha biyu muna wannan wahala, sai yanzu da ƙofa ta kusa buɗewa? In ba su ɗauke ka ba, ni da kaina zan dawo da kai nan."

"Haka ka ce bara, Baba."

"Bara daban."

Ranar Litinin da hantsi na bi ta filin. Suna atisaye, Kawu ya rufe shago yana tsaye bakin layi da hannu a baya. Sai ga motar burodin ta biyo titi, wani ƙato a ciki yana canza giya kamar mai niƙa tsakuwa. Sha-biyar ya tsaya cak a tsakiyar fili yana bin ta da ido har ta sha kwana. Ƙwallo ta zo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, wani ɗan firit ya ɗauke ta ya yi gaba.

Kawu ya ɗaga murya. "Kai! Me kake kallo? Bi shi mana!"

Ya juya, ya bi shi.