Injin Ƙanƙarar Auta

Ko tsufa ya zo ya kwashe abin da ke kaina, ina jin akwai abu guda da zai bar mini: shekarar da ni, mutumin Gaya, wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a kular masu zoɓo, na zauna a ƙofar shagona na zaɓi injin kwashe dusar ƙanƙara. Wannan kam ba zan manta da shi ba.

Sana'ata gyaran injin ban ruwa da na niƙa, ina kuma taɓa sayar da kayan gyaransu. Autarmu ma'aikaciyar jinya ce. Aure da aiki suka kai ta Kanada tare da mijinta, ɗan Toranke, da yaransu biyu. Da farko a wani dogon bene suka yi haya, inda masu gidan ke share hanya. Da suka koma gidan kansu, sai ya zama daga ƙofar garejinsu zuwa bakin titi, duk abin da sama ta zubo nasu ne. Mijin ya ce shi ɗan manomi ne, shebur ba zai ba shi tsoro ba. Zubowar farko ya kwashe yana raha. A ta biyu bayansa ya riƙe, likita ya ce ya kwanta, kada ya ɗaga ko buta. Washegari Auta ta kasa fitar da mota da wuri, ta makara a wurin aiki. Ga shi ba ta daɗe da shiga asibitin ba, shugabar sashensu ta ja mata kunne sosai.

Wata Asabar bayan la'asar, lokacin kaka, ina kwance wa kawunmu na Kademi injin ban ruwansa don shirin noman rani, sai kiran bidiyo ya shigo. Na ga Auta ta naɗe kanta kamar kunshin goro, idanu kawai ake gani. Su can hantsi ne.

“Yaya, ina kantin injina,” ta ce. “An ce sati mai zuwa za a yi mai yawa. Ni ban san komai a kan inji ba, kai za ka zaɓa mini.”

“Ni? Ke Auta, na taɓa ganin abin?”

“Inji ai inji ne, Yaya. Don Allah.”

Shagon nawa a jikin gidanmu yake, don haka Inna tana jin muryar autarta ta fito soro da tiren gyaɗar da take ɓarewa. Kawu ya goge hannu a riga ya matso. Muka haɗa kai uku a kan waya guda.

Auta ta zagaya da mu. Akwai wani ɗan ƙarami mai wayar lantarki, ba shi da nauyi, kamar abin shara. Akwai matsakaici mai shan fetur. Sai wani ja, ƙato, mai fitilu, bakinsa a buɗe cike da wuƙaƙe masu murɗiya. Auta ta yi mana bayani cewa wuƙaƙen ne ke tauna ƙanƙarar, sannan a feso ta gefe ta wani bututu da ke sama.

“Ɗauki jan nan!” in ji Kawu. “Ba ki ga ƙirjinsa ba? Kamar bijimin huɗa.”

Ni ma a raina jan ya shige ni. Duk mai gyaran inji idan ya ga ƙarfe mai kauri, zuciyarsa tana yin sanyi. Na fara cewa ta leƙa mini ƙarƙashinsa, sai Inna ta ajiye tire.

“Ku da kuke ta babba babba, wa zai tura shi? Mai gidan yana kwance. Ke, kama shi mu gani.”

Auta ta miƙa wayar ga mai kantin, wani Bature mai furfura, ta kama hannayen jan ta ce za ta juya shi. Ta ja, ta danna, ta dogara ƙafa. Injin ko gezau. Da ta sake yunƙurawa sai takalminta ya zame, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya. Kawu ya yi gyaran murya ya ce shi dama gwaji yake yi.

Sai Auta ta koma kan ƙaramin, ta ce wannan ko da hannu ɗaya za ta ɗauka. A nan mai kantin ya sa baki, tana fassara mana. Ya ce ƙaramin yana da kyau ga ɗan tsakar gida, amma motar da ke share babban titi takan tara tudu mai tauri a daidai bakin hanyar kowane gida, kuma ƙaramin ba zai iya tauna shi ba. Wannan ban sani ba, kuma da na shekara ina kallon hoto ba zan sani ba.

Saura matsakaicin. Yana tafiya da kansa idan an matse hannunsa, mutum saiti kawai zai yi. Nan na ji na dawo filina. Na ce ta tambaye shi: kayan gyaransa akwai a garin, ko sai an aiko daga nesa? Idan ya tsaya, wa ke dubawa? A cikin ukun, wanne aka fi dawo masa da shi ana ƙorafi? Baturen ya dubi wayar ya tambayi Auta wane ne wannan. Ta ce yayanta ne, yana garin da ba a taɓa yin sanyin da ya daskarar da ruwa ba. Ya yi dariya ya ɗago mini hannu, sannan ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba ɓoye-ɓoye.

Na ce saura abu guda, a tayar mini na ji. Mutumin nan bai ƙi ba. Ya gangara da shi bayan kanti, ya nuna wa Auta maɓallin tayarwa da kuma igiya, ya ce ta ja da kanta. A ja na biyu ya tashi. Na kanga wayar a kunne. Sautin a zaune yake, ba tari, ba rawa.

“Wannan ne,” na ce.

“Allah ya sa albarka,” in ji Inna, ta ɗauki tirenta ta shige gida.

Ba zan ɓoye muku ba, a makon nan duk wanda ya kawo gyara sai ya ji labari. Har masu Keke Napep da ke tsayawa gaban shagon sun san cewa daga Kanada ake neman shawarata.

Ana nan sai aka yi haihuwa a gidan surukan Auta, na hau babur na tafi Toranke suna. Bayan azahar muna zaune a ƙofar gida an kawo shinkafa da wake, mahaifin mijinta, dattijo mai barkwanci, ya ce in ba jama'a labarin injin. Ina tsaka da bayani ina kwatanta bututu da hannu, sai ga kiran Auta. Na ce to ga ma mai injin, na ɗaga wayar sama kowa ya gani.

Abin da muka gani ya sa kowa ya ajiye cokali. Gari bai gama wayewa ba a can, ko'ina fari fat, motarta ta nutse har rabin taya. Sai Auta ta ce:

“Yaya, ya tsaya. Na fara lafiya lau, sai na ji ƙas! Injin yana kuka amma ba ya ci. Kuma yau ni ce da aikin safe.”

Ga surukai, ga mutanen gari, ga injin da na zaɓa. Na ce ta nuna mini bakinsa. Ta sunkuya da wayar, sai na hango wani abu baƙi ya naɗe a wuƙaƙen. Ashe ƙaramar tabarmar goge ƙafa ce da ƙanƙara ta binne, injin ya haɗiye ta. Kafin na yi magana na ga hannunta ya nufi ciki, inji kuma yana kunne.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. “Ke! Cire hannunki! Kashe shi!”

Ihun da na yi har mata suka leƙo daga cikin gida. Na san mutanen da injin casa ya raba da yatsunsu, kuma dukansu cewa suka yi ɗan abu kaɗan za su zaro. Auta ta ja da baya, ta kashe, ta zare makulli. Na ce ko a kashe ban yarda ta sa hannu ba, ta nemo sanda. Ta ruga cikin gida, sai ga ta da muciya. Muciyar tuwo, wadda ta tafi da ita daga Gaya.

Dattijon ya ce, “To, yau injin Turawa zai sha tuƙi.”

Aka kwashe da dariya, har ita Auta da hawaye a fuska. Ta yi ta zungura har tabarmar ta fito a yayyage. Ta sake tayarwa. Inji ya tashi, wuƙaƙen gefe guda suka ƙi juyawa. Na ce bel ɗin da ke juya su ne ya tsinke. Ta leƙa inda na nuna mata, bel lafiyarsa ƙalau. Ni kuwa iyakar sanina ke nan.

Sai muka ji wata murya daga gefe. Wata tsohuwa ce, maƙwabciyarsu, ta keto ƙanƙara da dogon takalmi, ƙarar injin ce ta fito da ita. Ta duba sau ɗaya, ta nuna wani ɗan rami a jikin sandar da wuƙaƙen suke. Ta ce akwai ɗan ƙaramin noti a wurin da aka yi shi musamman don ya karye idan injin ya haɗiyi abin da ya fi ƙarfinsa, don kada ɓarnar ta shiga ciki. Ta buɗe wata ’yar ma'ajiya a jikin hannun injin, sai ga sababbi a ciki. Tsohuwa tana riƙe da waya, ni ina cewa ɗaure a hankali kada ki matse da yawa, Auta tana juya sifana da yatsun da sanyi ya ƙage.

Auta ta ja igiya. Ta matse hannu. Sai ga farin abu ya tashi sama ta bututu kamar ana sheƙar gero, yana zuba can gefe. Ƙofar gidan suna ta kaure da kabbara da tafi. Wani tsoho ya ce a matso masa da wayar, shi dai bai gane ba, wannan garin tuwo duk na waye ake zubarwa? Ta taga muka hango mijin Auta ya dafe bayansa da hannu ɗaya yana ɗago mana ɗayan.

Auta ta isa aiki a kan lokaci. Da ta taso, ta share wa tsohuwar tata hanyar, kuma ta ci gaba da yi har sanyin shekarar ya wuce. Injin yana nan yana aiki har yau, mijin ya warke, sai dai Auta ta ce ba ta ba shi tuƙi sai ya roƙa.

A hanyata ta komawa Gaya da yamma na yi ta juya abin a raina. Da ni kaɗai aka bar wa zaɓin nan, da na saya mata ƙaton da ba za ta iya juyawa ba, kuma ranar da ya tsaya da ina nan ina neman laifin bel. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo shagona neman inji, kafin ya nuna wanda ya burge shi nakan tambaye shi wa zai riƙa aiki da shi, kuma wa ke kusa da shi ranar da zai tsaya. Don kowane inji yana da ranar tsayawarsa. Nagari shi ne wanda idan ranar ta zo, mai shi zai iya tayar da shi da hannunsa, yatsunsa goma a cike.