Jan Zaren Saja Ded

Allah da Ya ba mu Saja Ded Ya karɓi abarsa ranar Laraba, tara ga Oktoba, ana tsakar tsinkar tuffa a ƙauyenmu na gefen garin Shopian. Ni maƙwabcinta ne, Rashid Wagay, kuma duk tuffar da na tsinka bana albarkacinta ce.

Ded, ba zan manta shekarar da funfuna ta shiga rassan itatuwan tuffarmu ba, ɓawo ya dinga tsagewa kamar gyambo. Ke kika bi gonaki kina kankare ɓawon da farce don ki ga zurfin cutar. Reshen da ta ɗan taɓa ki ɗaura masa farin zare, a kankare a shafa magani. Wanda ta ci har ciki kuwa jan zare ne, sai zarto.

Mu kuma muka nuna miki halinmu. Kina juya baya muke kwance jan zaren, domin babu mai son a taɓa itacen da ubansa ya dasa. Habib Lone har cewa ya yi idonki ne ya tsufa. Kika ajiye shayin gishirinki kika ce, "To ɗan nan, gobe ka zo da zartonka gonata, mu ga idon wa ya tsufa."

Da safe muka tarar da jan zare a gindin tsohuwar ambarinki, tuffar nan mai ƙamshi da marigayi mijinki ya dasa shekarar aurenku. Reshe ɗaya tak kika samu lafiyayye, kika yanke shi kika ajiye. Habib ya ɗora zarto ya tsaya, kika ce, "Yanka mana, ko sai na karɓa?" Kin yi kuka, duk mun gani, amma ba ki hana ba. Tun daga ranar babu wanda ya sake kwance zare, gonakinmu suka tsira.

Reshen nan kika yanyanka kika aura wa ƙananan itatuwanmu, gida-gida. Bana suka fara 'ya'ya sosai, kuma da su aka tari masu zuwa gaisuwarki. Da muka dawo daga maƙabarta na zaga gonakin ƙauyen kaf, ina kuka ina murna. Ban ga jan zare ko ɗaya ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya saka ki a inuwar Aljanna. 'Yarki Haleema da jikokinki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu baki ɗaya.