Baffa Isa da sautin da ya ƙi zama a fiyano

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Safar 1447, bayan La'asar, aka kira mahaifina daga tashar bas ta Kudai, nan Makka, aka ce ka faɗi a bakin motarka, Baffa Isa. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗakinka sai in fito, in na fito sai in ji kamar na bar wani abu a ciki.

Kai ma haka ka yi rayuwarka. Direban alhazai ne kai, amma ko bas na tsaye yatsunka ba sa tsayawa, suna ta yawo a kan sitiyari. Na san dalili. Mahaifinku Bahaushe ne da ya iso Makka ta Sudan, mahaifiyarku Sitti Sumarni kuwa 'yar tsibirin Jawa ce, kakanninta aikin hajji ya kawo su. Tana da wata waƙa marar kalmomi da take rerawa a hanci in tana dafa shinkafa a gidanku na unguwar Nakkasa. Ta rasu kana ɗan shekara tara. Ka riƙe farkon waƙar, ƙarshenta ya kuɓuce maka.

Ka sha ba ni labarin ranar da kake tuƙa wani injiniya Bafaranshe a Jidda, ya sa kaset na kiɗan fiyano. Kiɗa ne a hankali, kamar ana taɓa ƙararrawa daga nesa. Sai ka sauka gefen titi ka kashe mota. Ya tambaye ka ko lafiya, ka ce masa, "Wannan muryar uwata ce." Shi ya bayyana maka cewa mawallafin kiɗan ɗan ƙasarsu ne, ya taɓa jin makaɗan Jawa da kayan kiɗansu na tagulla a wani baje koli a Faris fiye da shekara ɗari da suka wuce, abin ya shiga ransa har ya zuba shi a fiyano. Ya ba ka kaset ɗin, kai kuma ba ka sake samun sukuni ba.

Ka sayi ƙaramar fiyano ta lantarki, ka shigo da ita Nakkasa a naɗe cikin bargo, a zamanin da maƙwabta za su iya daina amsa maka sallama saboda ita. Ka koya wa kanka da kunne. Yayanka Mukhtaru, mahaifina, ya ce maka, "Isa, a garin Allah? Haram alaik." Bai daina gaishe ka ba, amma bai ƙara taka ɗakinka ba, kuma ba ku sake yin maganar Sitti ba.

Ni ce nake zuwa. Ka ɗora yatsuna a kan baƙaƙen madannai kaɗai, ka ce, "Nadiya, ya binti, kada ki daka su. Taɓa ki saurara har sautin ya mutu." Yau ina koya wa 'yan mata kiɗa a makaranta, kuma da wannan maganar nake fara kowane aji. Da aka rushe gidajen Nakkasa, ka bar gado da firji ga wata gwauruwa 'yar Chadi mai 'ya'ya, ka ɗauki fiyano a kafaɗa ka gangara dutse zuwa ɗakin haya a Kudai.

A can ne wani tsohon alhaji daga Jawa, wanda ka ɗauko daga Muzdalifa ƙafafunsa a kumbure ka kwantar da shi a ɗakinka har ya warke, ya ji kana bugawa. Ya yi murmushi ya ce da guntun Larabcinsa kiɗan ya yi kyau, sai dai sautin garinsu ba ya kan wannan madanni ko wancan, yana tsakaninsu. Ka rera masa farkon waƙar Sitti, bai santa ba. Daga nan duk alhajin Jawa da ya zauna kusa da kai a bas sai ka rera masa. Wasu su yi dariya, wasu su ba ka dabino. Babu wanda ya san ƙarshenta.

Mahaifina ne ya yi maka wanka, shi ya shige gaba da makararka zuwa Harami. Bayan an tashi zaman makoki ya ce in raka shi mu kwashe kayanka. Ya daɗe a tsaye gaban fiyano, sannan ya ce, "Me yake nema a cikinta shekara da shekaru?" Na buga masa farkon waƙar, na tsaya inda kake tsayawa. Sai na ji ya ɗora a hanci, ya kai ta har ƙarshe. Ya ce, "Bai taɓa tambayata ba." Ya zauna a bakin shimfiɗarka ya rufe fuska, ya ce, "Ni kuma ban taɓa bari ya tambaya ba."

Na koye ta, Baffa. Ba ta zauna daidai a fiyano ba, kamar yadda alhajin nan ya faɗa, don haka da baki nake rera ta, ni kaɗai.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba ka natsuwar da ba ka samu a nan ba. Ya sada ka da Sitti Sumarni a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Maryama, da 'ya'yanka Talal da Manar, da direbobin Kudai. Mahaifina kuwa, Allah Ya sanyaya masa zuciya. Amin.