Glenys Pybus, Malamar da Ta Kayar da Ni

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya yi wa Glenys Pybus rasuwa a gidanta da ke garin Launceston, tana da shekara sittin da ɗaya. 'Yarta Kerryn ce ta kira ni ina shirin shiga aji. Yau kwana tara ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ofis sai in fito, in na fito sai in rasa inda zan nufa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, Glenys, don akwai maganar da ta tsaya mini a wuya.

Ba ki da digiri. A masaƙar ulu kike aiki har larurar ƙwaƙwalwa ta kama ki kina da shekara ashirin da shida, aka kwantar da ke sau bakwai. Da wannan ilimin kika shigo sashenmu na jami'a, inda ake horar da masana halayyar ɗan Adam masu duba marasa lafiya, kika yi shekara goma sha shida kina koyar da mu abin da babu shi a littafi.

Ina ɗaliba muka fara haɗuwa, ranar jarrabawar gwaji. Ke ce kika zauna a matsayin mara lafiya, ni kuma ina tambaya ina cike takarda. Na yi tambaya arba'in, ban tsallake ko ɗaya ba. Da na gama sai kika rufe idonki kika ce, "Dimity, wane launi ne idona?"

Na sunkuya na duba takardata.

Kika ce, "Minti talatin ina gabanki, 'yar nan. Na gaya miki ƙanena ya mutu, kika ce mini to, yaya barci? Takardarki dai ta ci jarrabawa. Ke kam sai ki dawo."

Na fusata, na kai ƙara wurin shugaban sashe, na ce ta yaya mara lafiya za ta kayar da ni. Wannan kalmar na faɗa, kuma ta dawo kunnenki. Washegari kika tare ni a bakin matakala da tuffa biyu daga lambunki, kika miƙo mini ɗaya kika ce, "Ci, mai fushi ba ta jin karatu da yunwa." Sati uku kina zama da ni kina koya mini yin shiru har mutum ya ƙarasa maganarsa.

A shekarata ta ƙarshe ciwon ya sake taso miki, aka kawo ki ɗakin asibitin da nake koyon aiki. Na gan ki kina kai da kawowa a baranda cikin rigar asibiti, kunya ta sa na juya zan ɓuya. Kika ɗaga murya: "Ina za ki? Malamarki ce dai, ba ta canja ba. Zo ki taya ni tafiya." Muka yi ta zagaye har ƙafafuna suka gaji. Bayan an sallame ki wasu malamai suka ce a hutar da ke, wai ɗalibai za su tsorata. Kika shigo taron malaman da kanki kika ce, "In sun tsorata da ni a aji, inda akwai shayi da biskit, yaya za su yi ranar da aka bar su da mutum su kaɗai?" Ba wanda ya sake ɗaga zancen.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat. Mutum uku sun ja ni gefe sun tambaye ni ƙasa-ƙasa ko ke kika kashe kanki. A'a. Zuciyarki ce ta tsaya. Sau biyu kika je asibiti kika ce ƙirjinki na ciwo, aka buɗe fayil, aka ga tarihinki, aka ce damuwa ce. Ni ma kin gaya mini a watan Afrilu, muna fitowa daga aji, hannunki dafe da ƙirji. Na ce, "Ko dai aiki ne ya yi miki yawa?" Kika dube ni kika yi murmushi kika ce, "Har da ke, Dimity?" Na ɗauka zolaya ce. Ni da kika koya wa saurare da kanki, ni da nake koyar da shi yanzu, ban ji ki ba. Ki yafe mini.

Kin daɗe kina cewa kada mu dogara da ke kaɗai, mu nemo wasu masu irin tarihinki, a ba su kujera da murya wajen zaɓen ɗalibai da jarraba su. Na yi ta cewa sai zango mai zuwa. Jiya na kira mutum huɗu daga ƙungiyarku ta masu irin larurarki, wadda ke haɗuwa ranar Alhamis. Uku sun amsa, za su fara a watan Yuli. Na kuma gaya wa ɗalibaina abin da na ce miki a watan Afrilu, ban rage komai ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Lindsay, wanda bai taɓa fashin ranar ziyara ba a duk kwanciyarki, da Kerryn, da jikokinki biyu, da 'yan ƙungiyarku. Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi. Ina kuma yi wa wasu mutane ta'aziyya da ba su san an yi musu rashi ba: duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ɗaya daga cikin ɗalibanki a firgice, aka ajiye takarda aka dubi fuskarsa.

Allah ya jiƙanki, Glenys, ya gafarta miki, ya ba ki hutun da duniya ta yi miki rowarsa. Amin.

Dimity Cresswell
Launceston