Laure Mai Alkaki da Garar Sauda

Idan ka shiga Kurugu ka ce Lauratu kake nema, sai a tsaya ana tambayarka wace Lauratun. Amma ka ce Laure mai alkaki, ko baƙon da ya kwana biyu a garin zai nuna maka ƙofar gidan. Daga Karaye har Rogo, duk uwar da take son garar 'yarta ta shiga gidan miji ba tare da an taɓe baki ba, wurin Inna Laure take aiko da alkama da sukari tun biki yana nesa.

Gadon abin ta yi. Kakarta ce ta zaunar da ita gaban kasko tun ba ta iya ɗaura zani da kyau ba. A wurinta ta koyi ɓarzar alkama, da murza ta da mai, da naɗa kwaɓin a tafin hannu, da suya har ya yi ja. Amma duk wannan, in ji tsohuwar, aikin hannu ne, kuma hannu kowa yana da shi. Sirrin yana cikin ruwan sukarin da ake dafawa da tsamiya a tsoma alkakin a ciki, shi kuwa harshe ne alƙalinsa. Shi ya sa Laure ba ta taɓa awo ba. Sai ta ɗiga ruwan a bayan hannu, ta lasa, ta lumshe ido, sannan ta yanke hukunci: a ƙaro tsamiya, ko a ja itace.

Da aka kawo ta gidan Malam Yusha'u, da kaskonta ta zo. A gabansa ta yi goyo, a gabansa ta ga jikoki. Kuma gaskiya ɗaya ce, Laure tana son abin da take soyawa. Duk alkakin da ya karye nata ne, kuma a ranar suya ba ya rasa karyewa. Daga hantsi zuwa la'asar bakinta ba ya hutawa, tana ci tana ba da labari tana ƙyalƙyala dariya.

Ciwon gwiwa ne ya kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Ma'aikaciyar lafiyar, Malama Munawwara, ta duba gwiwar, ta kuma ɗan tsaga yatsa ta gwada jini. Ta ce sukarin jikin Inna ya fara hawa, bai kai ga ciwo ba tukuna, amma a kula. Ta ci gaba da bayani a tsanake, sai dai Laure ba ta wurin. Tun da ta ji an ambaci sukari gabanta ya faɗi, don ta ga yadda ciwon ya kwantar da yayarta. Tana dai ɗaga kai tana cewa to, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.

Tana isa gida ta yi shela a tsakar gida: ita da zaƙi haihata-haihata. Laure kuwa ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Har lasar nan ta bayan hannu ta haramta wa kanta. Ranar da sabo ya ja ta ta lashe yatsa, da gudu ta je ta kuskure baki, ta wuni tana jin kamar ta yi wa wani sata.

To wa zai riƙa ɗanɗanawa? Sai ta naɗa Malam Yusha'u. Nan fa aka yi aika-aika! Bawan Allah nan tun da yake bai taɓa kushe abinci ba, ko ruwan kanwa ka miƙa masa zai sha ya yi hamdala. Sai ta aika masa da ludayi zaure, ya lasa, ya ɗago murya: "Madalla! Ya yi!" Ita kuma ta sauke tukunya da ƙwarin gwiwa.

Haka aka kai wa mutanen Kwanyawa alkaki mai tsamin da yake sa ido ya rufe. Na Tudun Kaya kuwa zaƙin ya yi yawa har yana ginsa tun a cizon farko. Kowa ya sani, babu mai faɗa. Wa zai dubi tsabar idon Inna Laure, da girmanta da furfurarta, ya ce alkakinta ya lalace? Kara ta hana. Sai dai masu aiko da alkama suka fara ja da baya, ita kuma tana ɗora laifin a kan zamani.

Ana cikin haka aka sa ranar Sauda, jikarta ta wajen ɗanta, wadda ta girma a ɗakinta. Angon, Nuruddeen, ɗan Rogo ne, kuma Sauda ce ta kawo shi da kanta. Murna wurin Laure ba a magana. Ta yi wa 'ya'yan mutane gara ba adadi, yau ga tata ta zo! Ta ce alkakin da za a kai Rogo sai an daɗe ana labarinsa. Don zumuɗi, tun kafin lokaci ta tara matan gida ta yi suyar gwaji.

Sauda ta ɗauki ɗaya ta gatsa. Fuskarta ta yamutse.

"Iya, wannan za a kai mini Rogo? Wallahi in dangin Nuruddeen suka ci, haƙoransu mutuwa za su yi!"

"Ja'ira! Alkakina kike wa wannan baki?"

"Ai tsakanin jika da kaka babu kunya, shi ya sa na faɗa. Tambayi su Umma in ƙarya nake."

Laure ta juya ta dubi surukanta. Wannan ta sunkuyar da kai, waccan ta kama gyaran itacen da ba ya bukatar gyara. Nan take ta gane komai, har da dalilin da ya sa ƙofar gidanta ta yi shiru. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. In ta lasa, tana ganin ta kama hanyar yayarta. In ba ta lasa ba, jikarta za ta shiga gidan miji da abin kunya, kuma daga hannunta.

Washegari Sauda ta tasa ta gaba sai wurin Malama Munawwara. Bayan an gaisa, an tambayi gwiwa da mutanen gida, Munawwara ta ce, "To Inna, me kike ci yanzu?"

"Tuwo, 'yar nan. Safe da dare, sai na cika ciki. Ai shi ba shi da zaƙi. Amma alkaki, rabona da ko lasa tun ranar da kika yanke mini hukunci."

Munawwara ta dafe ƙirji. "Ni? Inna, yaushe na yanke miki hukunci? Cewa na yi a rage. Wannan tulin tuwon ma shi ne abin dubawa, don shi ma in ya shiga jiki sukari yake komawa. Ki rage malmala, ki yawaita ganye, zogale ne, rama ce, ki haɗa da wake. Ki riƙa taka ƙafa gwargwadon yadda gwiwa ta yarda. Ki daina wunin nan da kike yi kina tsintar karyayyen alkaki. Amma guda ɗaya jefi-jefi, bayan kin ci abinci, ki zauna ki ci abinki da daɗin rai. Ki dai riƙa dawowa muna gwadawa."

"Lasar fa?" in ji Laure.

"Ki lasa, Inna. Ba laifi kika yi wa kowa ba."

Ai Laure ba ta san lokacin da ta miƙe ba, gwiwar ma ta manta da ita. Ta kama hannun Munawwara tana ta sa mata albarka, ta juya ta ce wa Sauda su yi sauri, alkama tana jira.

Ranar suyar gara gidan ya cika maƙil. Masu naɗi sun jeru a kan tabarmi, mai yana ƙara a kasko, ƙamshi ya kai har bakin hanya. Da ruwan sukari ya fara kauri, mata suka zuba wa Laure ido. Laure ta ɗiga a bayan hannu, ta yi bismilla, ta lasa, ta lumshe ido. Sai ga hawaye. Ɗanɗanon nan ne da ta sani tun tana gaban kakarta, ta yi kewarsa fiye da yadda ta zata.

Can ta buɗe ido ta ƙwalla kira: "Malam! Ashe haka kake ta ce mini madalla? A sauke, tsamiya ta yi yawa! A ƙaro ruwa, a miƙo sukari!"

Daga zaure Malam Yusha'u ya amsa, "To ai ni duk wanda kika ba ni da daɗi nake jin sa!" Gida ya kaure da dariya.

Sai da ta lasa ta sake lasawa kafin ta ce a tsoma. Alkakin ya fito jajir yana sheƙi. Da azahar ta ci kwaɗon zogalenta da ɗan wake, ta wanke hannu, sannan ta zaɓi guda ɗaya, lafiyayye, ba karyayye ba. Ta zauna a tsakiyar mata ta ci shi a hankali, kowa yana kallo, ba ta ɓoye ba, ba ta kuskure baki ba. Wata ta rangaɗa guɗa. Sauda ta miƙo mata na biyu don tsokana, Laure ta ture hannun ta ce wannan rabon mutanen Rogo ne.

Masu kai gara sun dawo da yamma suna rige-rigen ba da labari. Wai uwar ango tana gatsa ɗaya ta sa aka shige da kwano guda ɗakinta tun kafin a fara rabo, tana tambaya ko mai wannan hannun tana karɓar aikin nesa.

Laure ta gyara ɗaurin ɗankwali, dariya ta ƙi ɓoyuwa.

"Ku ce mata tana karɓa," in ji ta. "Amma ku gaya mata ba hannu ba ne, harshe ne, kuma ya dawo."